Ranar da Baba ya kira sunanta

Mu a wajenmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, uwa ma haka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Yayata ta tashi a gidanmu Baba na ce mata "ke", Inna na ce mata "yarinyar nan". A shekarun farko da aka fara sako ruwan madatsar Goronyo zuwa gonakin rani, ta je kai wa Baba fura a gonar albasa, ta sunkuya wanke ƙwarya a bakin babbar magudanar siminti, santsi ya kwashe ta. Sai can ƙasa aka tsamo gawarta. Baba ya yi mata sallah, ya karɓi gaisuwa, ko hawaye ɗaya ba a gani ba. Har misali ake yi da shi a ƙauyenmu in ana zancen haƙuri. Girman da yake da shi ke nan, don ba shi da sarauta, ba shi da shanu.

Na fara zama saurayi lokacin da wani ya buɗe gidan bidiyo a bayan kasuwar Goronyo. Zaure ne mai duhu, an toshe tagogi da buhuna, janareto na tari a waje. Wata ranar kasuwa muka kawo albasa, Baba ya ce in tsare buhuna ya je ya nemo dillali. Ni kuwa tun safe samari ke cika mini kunne wai yau za a sa kashi na biyu na fim ɗin dodannin sama. Waɗanda suka ga na farko sai ɗaga kai suke yi, kamar su suka kashe dodon. Na bar albasar wajen wani maƙwabcinmu, na sulale bayan Azahar.

Kai, abin ya yi muni! Wasu baƙaƙen halittu ne daga wata duniya, suna dalalar da miyau, suna bin bango kamar tsaka, sojoji da bindigogi sai gudu suke yi. Ba ma jin Turancin, amma kowa na fassara wa na kusa da shi da ƙarfin hali.

Ana cikin haka labule ya ɗaga. Ko ban waiwaya ba na san tarinsa.

"Kai, mi kaka yi nan? Tashi mu tahi!" in ji Baba.

Na miƙe, na san yau bulala ce. Amma bai kama ni ba. Idonsa na kan akwatin talabijin ɗin. A fim ɗin akwai wata 'yar yarinya, ita kaɗai ta rage cikin mutanen garinsu, ga ta ta faɗa cikin wata magudana, ruwa har ƙirji, tana waige-waige. Wani baƙin abu ya fara tasowa daga ruwan a bayanta.

Baba bai taɓa ganin fim ba. Ya ture mutum biyu, ya taka ƙafar na uku, ya isa gaban akwatin ya miƙa hannu. Ya kira sunan yayata da iyakar muryarsa.

"Hito! Kama hannuna, hito!"

Zauren ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, ɗiyar Turawa ta, ba ta jin Hausa!" Wani ya ce a ba tsoho igiya ya jawo ta. Mai gidan bidiyo na ihu kada a fasa masa akwati. Wani ɗan iska kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Tsohonka na?" Na sunkuyar da kai kamar ba da ni yake ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya ta kama ni, haushin Baba kuma ya cika ni, alhali tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Baba ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya gyara hula ya fita, na bi shi nesa-nesa. Ya sayar da albasar a farashin farko da dillali ya faɗa, shi da ke iya kai La'asar yana ciniki a kan buhu ɗaya. Muka shiga mota muka koma gida. Bulalar ma bai yi ba, ni kuwa da ya yi da ta fi mini sauƙi.

Akwai 'yan ƙauyenmu a zauren, don haka labari ya riga mu isa gida. Yara suka samu abin wasa, in sun hango shi sai su miƙa hannu su ce "hito!" su ruga. Dattawa suka daina misali da haƙurinsa. Ya koma sahun baya a masallaci, ana sallama ya fice. Duk ni na jawo masa, saboda dodannin da ba su ma wanzu ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta kira ni tana tankaɗe a tsakar gida. Na zo ina jiran faɗa. Ba ta ɗago kai ba.

"Da gaske na ya kira sunanta?"

Na ce, "I, Inna."

"Gaban mutane?"

"Gaban kowa, Inna. Sai dariya suka yi muna."

Ta ajiye rariya, ta share hannu a zane. Na zaci ita ma kunyar ce ta kama ta.

"Bar ni da dariyassu," in ji ta. "Tun ran suna ban ji shi bakinai ba. Zamna nan. Hwaɗa min shi, yadda ya hwaɗe shi."