Ranar da Aka Binne Jakar Ƙanena

Ni dai tun farko ban ga abin so a harkar nan ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Mutum da hankalinsa ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya goya kaya, ya kama hawan dutsen da ƙanƙara ta lulluɓe tun safe har azahar, don kawai ya sulalo ƙasa kafin shayi ya huce. Ga kujerun da ke kai mutane sama a kan waya, an yi su, suna aiki, amma waɗannan sun ce atafau da ƙafarsu za su hau, kuma can bayan duwatsu inda babu kowa. Da a Kano wani ya kawo min wannan magana, da na tambaye shi abin da ya sha. To a Guangzhou nake, kuma wanda ya kawo maganar shi ne lawban, wato maigida da Sinanci, mai masana'antar wandunan jins da na shekara goma sha ɗaya ina sari a wurinsa a Xintang.

Likita ne ya ce masa ya rage sigari ya ƙara motsa jiki, shi kuma ya faɗa wannan hauka. Duk lokacin sanyi sai ya kwashi mutum biyar ko shida su tafi can arewacin ƙasar su yi mako guda. Kowa a layin ya san wanda ya tafi da shi tafiyar nan shi ne na hannun damansa a shekarar: shi ake fara nuna wa sabon samfur, kayansa ake fara ɗinkawa kafin Sallah. A 'yan Kano mutum ɗaya yake riƙewa, kuma ni ne mutumin tun da daɗewa, ba tare da na hau ko tudun shara ba.

Sai ga ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara tara. Ni na kawo shi China, ya shekara bakwai a ƙarƙashina, shi ne sito, shi ne tsayuwa a kan lodin kwantena. Ya koyi Sinanci kamar a nan aka yanke masa cibiya, ni kuwa ban wuce nihaw da meyo ba, wato sannu da babu. Da ya ga ya yi gashin baki a harkar, sai ya buɗe nasa ofis a titin Liuhua Lu. Bai ko shawarce ni ba, a bakin mutane na ji bayan an idar da Juma'a a Masallacin Huaisheng. Tun daga nan gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaye.

Wata rana ina zaune a teburin shayin lawban, sai ya turo min wayarsa. Bidiyo ne na wani mutum cikin jar riga yana hawan farin tudu da alluna a ƙafa. Sai da ya waiwayo na gane fuskar. Lawban ya ɗaga babban yatsa, ya ce da guntun Turancinsa ƙanena jarumi ne, kuma bana bayan nasa akwai sauran gurbi guda a motarsu. Na dire kofin shayin. Na ce ya rubuta sunana. Ya kalli tumbina ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ba shi ke zaɓa ba, koci ce. Asabar huɗu za a yi ana koyo, ranar ta huɗu a yi gwaji.

Guangzhou ba ta san ƙanƙara ba, zafi ne da gumi. Don haka a wani ƙaton gini da ke wajen gari ake koyon, inda aka ƙera tudu aka zuba masa ƙanƙarar inji. Shigarsa kamar shiga ɗakin sanyin 'yan kifi. Kocin kuwa wata 'yar guntuwar mace ce da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ga tsawa. Ba ta jin Turanci sosai, saboda haka duk tsawar da za ta daka min sai ta bi ta bakin ƙanena. Wannan shi ya fi komai ƙona min rai.

Abu ɗaya na gane nan take, wato fatar da ake mannawa a ƙasan allon. Gashinta a kwance yake kamar na akuya: ka shafa ta gaba ta yi sumul, ka shafa ta baya ta cije. Ita ke hana mutum zamewa baya idan yana hawa. Sauran kuwa duk azaba ne. Takalmin ya matse min ƙauri har ya saɓule min fata. Dunduniya a sake take, yatsu a ɗaure, wai kada ka ɗaga ƙafa, ja za ka yi. Idan tudun ya yi tsaye sai ka juya allo ɗaya ya kalli gabas, ɗaya yana kallon yamma, kai kuma kana tsakiya da gwiwoyin shekara hamsin. A nan na sha ƙasa sau huɗu ranar farko.

"Yaya, ja ƙafar, kar ka ɗaga," in ji ƙanena.

"Na tambaye ka?"

"Ba ni na ce ba, ita ta ce."

"To ka ce mata na ji."

Ta ce in cire babbar rigar kafin in fara hawa, na ƙi. Wa zai tuɓe riga a cikin firji? Kafin rabin tudu na jiƙe sharkaf, da na tsaya kuma gumin ya daskare a bayana, haƙorana suka kama kaɗawa. Na ga murmushi a gefen bakin ƙanena.

Ban janye ba. Kullum bayan asuba sai in goya jaka cike da gorunan ruwa in bi matakalar dutsen Baiyun, tsofaffin Sinawa suna wuce ni da rediyonsu. A Asabar ta uku na hau tudun tun daga ƙasa har sama ban faɗi ba, na ɓare fatar, na gangaro a karkace amma a tsaye. Lawban ya dafa kafaɗata. Na kalli ƙanena don in tabbatar ya gani.

Ranar gwaji kocin ta jera mana abu uku a kan benci: wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin rediyo da ake ratayawa a ƙirji, da siririyar sanda mai naɗewa, da shebur. Ta yi dogon bayani, ƙanena yana juyawa. A dutsen gaske ƙanƙara takan zabtaro ta binne mutum da ransa. Babu 'yan kwana-kwana, babu asibiti kusa. Na'urarka ce za ta yi kuka ta kai ka inda tasa take, sandar ka caka ka ji shi, sheburin ka tono shi kafin numfashinsa ya ƙare. Kowa zai goya nasa.

Na rataya na'urar, na sa sandar a jaka. Sheburin kuwa na juya shi na sake juyawa. Ni da shebur? Ko a maƙabarta sau biyu nake zuba ƙasa in miƙa wa na baya. Ga bayana yana ciwo, ga jakar da nauyi. Na yi lissafina na mai kaya: mu shida ne, shebur biyar ya ishi kowane rami, in ma tonon ya zo akwai waɗanda suka fi ni ƙuruciya. Na tura shi cikin lokar ajiye kaya na kulle.

Aka raba mu biyu-biyu, aka haɗa ni da ƙanena saboda yare. Dokar ita ce a sa na'urar mutum a jakarsa a binne cikin tarin ƙanƙarar da ke gefen tudun, mai jakar ya koma benci ya zauna, ba magana ba motsi, domin shi ne a ƙasa. Tawa aka fara binnewa. Kocin ta danna agogo, ƙanena ya ruga, ya yi 'yan kewaye-kewaye, ya caka sanda, ya zube a gwiwa ya kama tono kamar mai aljanu. Ƙanƙara har fuskata. Kan ka ce kwabo ya zaro jakar yana haki, jijiyoyin wuyansa a tashe. A raina na ce duk don lawban ya gani ne.

Sai nawa. Na juya baya aka binne tasa, ya je ya zauna ya harɗe hannu. Gaskiya na yi ƙoƙari, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Na bi kukan na'urar, lambobin suna raguwa, kukan yana ƙara sauri, har na tsaya a kan wurin. Na warware sandar, caka ta uku na ji ta nutse cikin abu mai laushi. Daɗi ya kama ni. Na miƙe, na kaɗe safar hannuna, na waiwaya benci, na faɗi abin da na faɗa sau dubu a ƙofar sito.

"Kai, zo ka tona nan."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba. Bai motsa ba.

"Da kai nake. Kawo sheburinka."

"Yaya," ya ce a hankali, "ai ni ne a ciki."

"A cikin me?"

"A ƙarƙashin ƙafarka. Ni kake takawa."

Na'urar tana ta kuka. Wani daga cikin Sinawan ya miƙo min nasa sheburin, kocin ta ɗaga masa hannu ya mayar. Na shuri wurin da takalmi, ashe ƙanƙarar ta taurare kamar siminti. Na san abin da ya rage, in durƙusa in tona da hannuna ko da farcena zai fita. Amma ga lawban, ga yarinyar nan da agogonta, ga shi kansa yana kallona daga benci. Gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa. Ina nan tsaye, riƙe da sanda, har ta danna agogon ta faɗi wata gajeriyar magana.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce na mutu."

Bayan mun fito muka zauna shan shayi a ƙasan ginin, kunnuwana suna zafi. Lawban ba mugu ba ne, kuma shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Ya roƙi kocin ta ba ni wata Asabar. Ta ce ita ba ta da ta cewa, a tambayi wanda za a haɗa ni da shi a dutsen, tunda ransa ne za a damƙa min. Lawban ya juya wurin ƙanena. Na gyara zama, hankalina kwance, domin komai rashin jituwa ƙane ba ya tsinka yayansa a gaban bare.

Ƙanena ya ajiye kofinsa. Sannan ya girgiza wa lawban kai, wannan ba ya buƙatar tafinta. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Ka yi haƙuri, Yaya. 'Ya'yana uku."

Sun tafi bayan mako biyu, da shi, babu ni. Samfurin bana Liuhua Lu aka kai shi, kayana kuwa sai bayan Sallah suka fito, lokacin da kowa a Kano ya gama saye. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce cin amanata ya yi, ya yi amfani da yare ya raba ni da lawban, kuma ban yafe ba. Har yanzu idan na hango shi a masallaci sai in canja sahu. Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne, da ni aka tambaya ko zan shiga dutsen nan da mutum irina, ni ma kan zan girgiza.