Kyamarar Jirgin Sama a Ɗakin Baba Saje

Mun tashi daga Kumasi ana kiran sallar asuba, ni da wani abokin sana'ata da muke ɗaukar hoton biki tare. Shi ya kawo mini labarin cewa akwai wani tsohon soja a Tamale da ke da kyamarar fim irin wadda ake maƙala wa jirgin leƙen asiri, kuma yana neman mai ɗauka. Ni kuwa tara tsofaffin kyamarori ciwo ne a jikina, ban yi dogon tunani ba.

A Techiman muka karya da koko da ƙosai. Doya tuli-tuli a bakin titi, amma da na tambayi kuɗin guda uku sai na yi wa mai doyar fatan alheri na koma mota. Daga Kintampo itatuwa suka fara gajarta, zafi ya fara tsayi. A gadar Yapei mata suka yi wa motar caa da soyayyen kifi da ƙwan zabi, abokina ya saya kamar za shi gudun hijira. Azahar ta gota muka shiga Tamale, garin da tsohuwa mai jika take tuƙa babur da kwandon kubewa a baya, ta kuma yi maka hon in ka yi sanyin jiki.

Mun kwana a Tishigu, washegari da hantsi muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Kalpohin. Gidan mai sauƙi ne, da rago ɗaure a tsakar gida da tarin harawa a gefensa. Matar gidan ta tarbe mu da fura da nonon da ta ce yanzu Fulanin bayan gari suka kawo. Sannan maigidan ya fito, dogon tsoho, ido ɗaya ya yi fari. Kowa Baba Saje yake ce masa.

Ya kai mu ɗakinsa, ya yaye bargon da ya rufe kyamarar. Na zaci abin da zan rataya a wuya zan gani. Ashe akwatin ƙarfe ne mai girman ƙaramin janareta, sai da mu biyu muka kama kafin ya motsa. Gilashin gabanta ya kai faɗin faranti, ya yi ruwan shayi saboda tsufa. Fim ɗin da take ci kuwa ya fi tafin hannuna faɗi. Baba ya ce a gwanjo ya saye ta lokacin da aka daina aiki da fim, don a kan irinta ya ƙare ƙuruciyarsa, yana wanke hotunan yana duba su. Ya nuna mana wayoyin da ke ɗumama ta, wai can sama sanyi na iya daskarar da ita.

"Inda jirgi yake kai wannan, ɗana, kai a ƙasa ba ka ji, ba ka gani," in ji shi.

Ya ɗauko wani tsohon hoto da aka ɗauka a gefen Tamale lokacin gwaji. Da ido, toka-toka ne kawai da ɗige-ɗige. Ya miƙo mini ɗan gilashin ƙara girma, na kanga idona. Ga gidaje zagaye-zagaye, ga shanu a layi, ga wata mace da tulu a ka, inuwarta a miƙe a gabanta. Tana tafiyarta ɗebo ruwa, ba ta san akwai wanda ya gan ta ba.

Ina cikin wannan, abokina ya roƙi a kwance masa gilashin kyamarar ya fita da shi haske ya ɗauki hotonsa da waya. Ya jingina shi a kan benci yana fuskantar rana, ya dawo ɗaki neman tsumman gogewa. Ba a jima ba muka ji ragon yana wani irin kuka, matar gidan tana salati. Muka fito a guje. Harawa ta kama da wuta! Gilashin ya tattara rana wuri guda ya cinna mata. Ni na kwance ragon, abokina ya juye ruwan randa, maƙwabta suka shigo da bokitai. Allah ya taƙaita, harawar ce kawai ta tafi, sai bango da ya yi baƙi.

Abokina yana ta ba da haƙuri, amma Baba Saje ko kallonsa bai yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon baƙin tabon da wutar ta bari a ƙasa. Can ya fara magana, a hankali.

Ya ce an taɓa kai su wata ƙasa da ake yaƙi. Wata rana aka kawo masa fim, ya wanke, ya ga wani ƙauye ranar kasuwarsa. Ya ga rumfuna, ya ga mutane a gindin bishiya, ya ga shanya a kan danga. A bayan gari kuma ya ga babbar mota an lulluɓe ta da rassa. Ya faɗa wa na sama da shi, kamar yadda aiki ya ce. Bayan wasu kwanaki jirgi ya sake bi ta wurin, aka kawo masa sabon fim.

"Duk inda ɗaki yake, baƙin zobe na gani. Kamar wannan." Ya nuna ƙasa. "Na nemi mutum ko ɗaya da gilashi, babu. Har yau ban san wa ya yi ba. Ban san ko magana na ne ya jawo ba. Na tambaya, aka ce ba aiki na ba ne."

Matarsa tana tsaye da bokiti a hannu. Ta ce, "Alhaji, duk zamanmu ba ka taɓa faɗa mini ba." Maƙwabtan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Na so in ce na fasa ɗaukar kyamarar. Na zo ne ina zumuɗin abin ado, yanzu kuwa ko taɓa shi ba na so. Baba ya ce in na bar shi, ranar da ya rufe ido 'ya'yansa za su kira masu sayen tsohon ƙarfe su farfasa. "Ka ɗauka. Amma wanda ya tambaye ka, ka gaya masa duka, ba kyan gilashi kawai ba."

Akwatin muka bar wa mai babbar mota ya biyo mu da shi. Gilashin kuwa na naɗe shi da zanen da matar ta ba ni, na rungume shi a cinya tun daga Tamale har Kumasi. Abokina, wanda ya cika mu da surutu a zuwa, bai ko kalli masu kifin Yapei ba a komowa.

Mun iso gida lafiya bayan magariba. Gilashin yana shagona yanzu, a cikin kabad, nesa da taga. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk shekarun da na yi ina wannan sana'a, na ɗauka hoto abin farin ciki ne, domin duk wanda na ɗauka shi ya kira ni, ya yi ado, ya tsaya inda yake so. Ban taɓa tunanin akwai waɗanda hotonsu na ƙarshe a duniya an ɗauke shi ne suna cin kasuwa, ba su sani ba. Ranar Asabar na je aikin biki, amarya ta ce in hau sama in ɗauko taron gaba ɗaya. Na hau, na saita, na ga kawunan mutane ƙanana a ƙasa. Sai da na yi musu magana suka ɗago kai duka, sannan na danna.