Kogin da Ya Ƙi Fitowa a Allo

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ina aiki a wani ƙaramin ofishin aikin gona a Haɗejiya. Da aka kawo mana kwamfuta daga Kano ni aka danƙa wa ita, don kawai na taɓa yin kwas na wata uku. Ta hannu ce, monitarta mai ƙatuwar ƙeya, kuma ko takarda ɗaya ba ta zo da ita ba. Wani abokina da ke koyarwa a Kano ya ba ni faifan wata manhaja, ya ce in na ɗora ta zan iya buɗe taswirar fadamar Auyo, manoman shinkafa su ga inda ruwa ke kwanciya. Na yi kuskuren faɗa wa shugaban ofishinmu. Nan take ya aika wa shugaban manoman cewa ya zo ranar Alhamis ya gani da idonsa.

Ranar Litinin manhajar ta hau lafiya, sai dai baƙin allo ne da farin rubutu. Kafin hoto ya fito dole in gaya mata irin katin hoton da ke cikin injin, da wasu lambobi biyu na saurin da monita ke iya zana allo. Ban san ko ɗaya ba. Ga shi an rubuta gargaɗi ƙarara cewa lambar da ta fi ƙarfin monita tana iya ƙona ta.

Na ari sukundireba na buɗe injin. Rubutun da ke jikin katin ƙanana ne, rabinsu ya goge. Mai buga mana takardu, wata dattijuwa 'yar Filato da kowa ke kira Madam, ita ta gyara tabarau ta karanto mini su, duk da tana jin haushina, don teburinta aka ɗauke aka ɗora kwamfutar a kai. Na bi jerin sunayen katunan da manhajar ta sani, dogo kamar ba zai ƙare ba, namu ba ya ciki. Na zaɓi wanda ya fi kama da shi.

Daga nan sai canki-canka. In sa lamba, in danna, allo ya yi ɗif, monita ta kama wani siririn fito mai shiga haƙori, in yi wuf in kashe. Wani lokaci layuka su karkace suna gudu kamar talabijin marar eriya. Madam ta ga ina maimaita lambobin da na riga na gwada, sai ta ɗauko littafinta ta riƙa rubuta kowanne da abin da ya haifar. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, na koma farko. Na ɗauko mai gyaran rediyo daga kasuwa, ya leƙa bayan monitar, ya ce shi talabijin ya sani. Na je na buga wa abokina waya, da ƙyar ta shiga, abin da ya ce kawai shi ne in sa mafi ƙanƙantar lamba a ko'ina.

Haka na yi ranar Laraba, hoto kuwa ya fito. Amma launi goma sha shida kacal, kuma komai ya yi ƙato har rabin taswirar ya faɗa wajen allo. Duk abin da na taɓa don in gyara, fiton nan sai ya dawo.

Ranar Alhamis shugaban manoman ya iso da hantsi, ƙafar wandonsa a jiƙe, don sai da ya shiga kwalekwale kafin ya hau babur. Aka ba shi kujera a gaban allo. Ya daɗe yana kallo. Kogi da gonaki duk sun zama ruwan toka iri ɗaya.

"Malam, ina kogin yake?" ya tambaye ni.

Na ce masa yana nan, injin ne ya ƙi nuna launinsa. Ya sa ɗan yatsa a kan gilashin ya ja layi a hankali, yana faɗin inda ruwa ya karya bara da inda zai karya bana. Sannan ya yi mana godiya ƙwarai ya tafi. Shugabanmu ya juya ya koma ofishinsa, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako uku ina duba littafin Madam na gano matsalar. Monita ba ta da laifi. Wajen da aka tambayi yawan ma'ajiyar katin ne na sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake da shi, tun ranar farko, kuma ban sake waiwayar wurin ba. Na gyara, kogi ya fito shuɗi shar. Na ruga na kira shugabanmu. Ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce ya yi kyau, amma in cire manhajar kafin Juma'a, ya riga ya yanke cewa Madam za ta riƙa buga wasiƙu da kwamfutar.