Fegin da ke bakin hanya

A shekarata ta ƙarshe a iniversite, sashen noma, an ba ni bincike a kan hatsi. Tambayar ba ta da wuya: in aka sa ɗan angire, wato takin zamani, a kowane rami, gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka, yaya amfanin gona zai ƙaru? Gonaki uku na samu a ƙauyukan Dogo-Dogo. Tun a Damagaram malamina ya ja mini kunne cewa in suka kasa uku lissafi ba zai tsaya ba, sai na sake wata damana, 'yan ajinmu su fita su bar ni.

A kowace gona na auna fegi huɗu da igiya, na kafa turaku. Uku za su samu angire, kowanne da awonsa. Na huɗun ba a sa masa komai, don da shi ake gwada sauran. Kuma ba ni ke zaɓar wa kowane fegi mazauni ba, ƙa'idar bincike ce a yi ƙuri'a. Na rubuta awon kowane fegi a 'yan takardu, na zuba a hular mai gona, ya ɗebo da hannunsa.

Mai gona ta uku dattijo ne, ba ya da yawan magana. A gonarsa ƙuri'a ta jefa fegin da ba a ba komai daidai bakin hanyar kasuwa. Ya tambaye ni ko ba a iya mayar da shi can ciki, bayan gawo. Na ce ina, abin da ya fito ya fito. Lokacin ina ji da boko, magana ɗaya nake yi. Ya ce to.

Bayan noman fari bambanci ya fito sarai. Fegi uku sun yi kore shar, na bakin hanya kuwa ya yi rawaya, gajere kamar wanda aka shuka jiya. Na ji daɗi ƙwarai, na yi ta ɗaukar hotuna da waya. Ban taɓa tunanin akwai masu kallonsa ban da ni ba.

Zazzaɓi ya kwantar da ni a masaukina a Magarya, na yi kusan wata ban leƙa ba. Ran da na dawo na sauka daga moto, wato babur, na tsaya sororo. Fegin bakin hanya ya miƙe, ya kusa kamo 'yan uwansa. Na ce ko ni na rikita turaku. Sau uku na duba kayena, wato littafin da nake rubutu a ciki, babu kuskure. Na sa kara na tona gindin shuka ɗaya, sai ga kashin awaki da na shanu, an turbuɗe shi da kyau. Na tona ta biyu, haka. Ta goma ma haka.

Raina ya ɓaci matuƙa, kuma na faɗa masa maganganun da bai kamata in faɗa wa sa'an ubana ba. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce duk ranar kasuwa masu jakai da masu moto sai sun rage tafiya sun yi masa sannu, irin sannun da ake yi wa majinyaci. Wani taubashinsa ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya sayar da hauyarsa ne. Abin da ya ƙare masa haƙuri shi ne da maƙwabta suka aiko cewa in ƙarfi ne ya ƙare, ya yi magana a haɗa masa gayya. Takin kuma ya binne shi ne don kada in gani raina ya ɓaci.

"Ke takardarki za ki ɗauka ki koma birni, 'yata," in ji shi. "Ni a nan zan zauna da mutanen da ke bin hanyar nan."

Kwana biyu na yi ina juya abin. Ina iya ɗauko lamba daga sauran gonakin in ɗan gyara ta, ba wanda zai zo daga Damagaram ya tona gindin hatsi. Ban yi ba. Na kira malamina na gaya masa, ya ce sai baɗi ke nan.

Duk da haka na je girbi, don aikin da aka fara a kan ƙarasa shi. Muka auna dammunan fegi-fegi. Na bakin hanya ya fi kowanne nauyi, zangarniyarsa cike har baki. Dattijon yana tsaye ina rubutu, ya ce in karanta masa abin da na sa a kan gonarsa.

"Baba, na rubuta cewa gonar ta lalace, ba ta shiga lissafi."

Ya dubi dammunan ya daɗe. Ya fara ɗora su a amalanke da kansa, sai da ya ɗaure igiya sannan ya juyo.

"Don Allah kada ki karanta wa kowa wannan a garin nan."