Guntayen Marke Uku Zuwa Yamai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Yamai daga ƙauyenmu na gefen Tawa, ni da ƙanena. A jakata akwai guntayen itacen marke uku, kowanne na rubuta masa da ajami inda aka saro shi. Rufin masallacinmu ya tsage, ma'aikatan daji kuwa ba sa bari a sari ɗanyen itace, sai wanda fari ya kashe. Muna so mu sani ko busassun za su ɗauki sabon rufi kafin damina, in Allah ya kawo ta.

Hanya ba daɗin kallo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shanu a bakin titi duk haƙarƙari a waje. Kowane shinge sai sojoji sun sauke mu. Ɗayansu ya jujjuya guntun marke, ya ga rubutun, ya tambaya ko laya ce. A Doso muka ci dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, tsadarsa ta sa ƙanena ya fara zancen azumin nafila.

A wani ofishin auna ƙarfin itace a unguwar Koira Kano ta Yamai, wata malama Kirista, 'yar Dogon Dutsi, ta karɓe mu. Na'urarta ba ta fi tafin hannu ba. Tana haska itace da hasken da ido ba ya gani, abin da ya dawo shi ke nuna ƙarfinsa. Ta ɗora a kan guntun farko, ta ɗaure fuska, ta shinshina.

"Baba, me kuka shafa masa?"

"Man gyaɗa, 'yata. Mu masassaƙa ba ma kai wa babba itace fururu."

"To, man gyaɗarku na auna. Mai kyau ne kuwa."

Ta ɗauko zarto ta yanke kowanne, ta haska cikinsa. Sannan ta ɗago kai.

"Biyu sun fara ruɓewa ta ciki, Baba. Na ukun zai yi ƙofa. Kada ku ɗora musu ƙasa, mutane na sujada a ƙarƙashi."

Kashegari muka dawo. Na sanar da liman, muka tsayar da cewa bana a rumfar zana za mu yi salla. Shekara arba'in ina gyara bayan itace har ya yi sheƙi, ban san fari yana shiga cikinsa ba. Alhamdu lillahi da aka yanka shi a Yamai, bai karye a kanmu ba.