Farantin da Madam Ta Ce In Ajiye

A shekarun da na yi aikin girki a Jidda, gidan da na fi daɗewa shi ne na wasu Turawa, cikin wata unguwar kamfani mai katanga da mai gadi, can arewacin gari. Mata da miji ne kawai. Mijin injiniya ne, tun da sassafe yake fita. Matar kuwa Madam nake ce mata, doguwa ce, ba ta da yawan magana, Larabcinta guntu-guntu kamar nawa na farkon zuwa. Gwaggona ce ta samo mini aikin, kuma a wajenta nake zaune a unguwar Sa'alaba tun da na zo daga Damagaram.

A shekarata ta farko, da bikinsu na Kirsimeti ya zo, Madam ta sayo talotalo daskararre, ƙato, kai ka ce ɗan akuya ne. Sai da na duba ledar na ga an rubuta halal kafin na taɓa shi. Ta koya mini haɗin da suke cusa masa a ciki: busasshen burodi, albasa, man shanu, da wani ganye mai ƙamshin magani. Ni na yanka komai da hannuna, don haka na san babu abin da ya haramta. Da rana suka ci, labule a sake, babu kiɗa, babu baƙi. Abin da kawai na lura da shi, faranti uku ta jera a tebur. Na zaci wani suke jira. Har suka tashi babu wanda ya buga ƙofa, na ɗauke na ukun fes kamar yadda aka ajiye shi.

Mutum biyu me za su ci a wannan tsuntsu? Ko rabi ba su yi ba. Da yamma, suna shirin tafiya Ɗa'ifa hutu washegari, Madam ta kira ni kicin, ta ciro siniyya, wato farantin gashin nan mai zurfi, ta nuna mini yadda zan yi da sauran. In yayyage naman ƙanana, in shimfiɗa, in zuba romon ƙashi da ɗan madara, in rufe sama da haɗin burodin, in sa a furun, wato murhun gashi, har ya yi ja.

"Ba yau ba," ta ce. "Bukura, gobe, da la'asar. Ki zuba kaɗan a faranti, ki ajiye a nan." Ta dafa kujerar da ke kallon taga. "Sauran ki tafi da shi gida. Halas?" Wato shi ke nan.

Na ce, "Halas, Madam. Na mai gadi ne?"

Ta girgiza kai. "Shi ta fi so. Ya fi mata na ranar bikin daɗi."

Ban tambayi wace ce ba. Mai aikin gida tana koyon haɗiye tambaya.

Washegari direban kamfani ya sauke ni bayan azahar. Gidan shiru, sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Na yi yadda ta ce. Ban ƙara gishiri ko kaɗan ba, don na ɗanɗana romon na ji daidai. Da siniyyar ta gasu, ƙamshi ya cika gidan, har yawuna ya tsinke. Na yanko gefe guda, tururi na tashi, na sa a faranti da cokali, na ajiye gaban kujerar, na tura ta ciki kamar sauran. Sai na ji kiran la'asar daga masallacin bayan katanga. Na shiga ɗakin wanki, inda na saba sallah, na bar ƙofar a buɗe.

Ina raka'a ta biyu na ji an ja kujera.

Ƙafar katako ce a kan tayil, ƙarar da na sani sarai, don kullum ni ke jan su in share. A hankali aka ja, kamar wanda kujerar ta yi wa nauyi. Sai cokali ya taɓa faranti. Ya sake taɓawa. Ban katse sallar ba, amma Allah ne kaɗai ya san abin da na karanta. Da na sallame na ɗaga murya na ce, "Min? Wane ne?"

Shiru.

Na leƙo. Ƙofar gida a kulle take, sakatar da na sa tana nan. Kujerar ta fito daga tebur, ta ɗan karkace. Abincin yana nan yadda na zuba, ko loma ba a ɗiba ba, sai dai cokalin da na ajiye a dama ya koma hagu. Na kai hannu zan ɗauke farantin, na ji shi sanyi ƙalau, kamar yanzu aka ciro daga firiji, alhali siniyyar da ke kicin ba ta taɓuwa don zafi. Matashin kujerar kuma ya jiƙe. Ba sharkaf ba, irin damshin da yaro ke bari idan ya zauna da rigar wanka. Wari ne ya sa na ja da baya, ƙarnin ruwan bahar, irin na bakin teku idan iska ta juyo.

Na bar farantin a nan. Na naɗe siniyyar da tawul, na fita na zauna gun mai gadi har direba ya zo. Dattijo ne ɗan Yaman. Ya dubi fuskata, ya dubi abin da ke cinyata, ya kau da kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Da na isa gida, Gwaggo ta buɗe tawul tana murna, ta kira maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta zo ta ɗanɗana abincin Nasara. Ita ta fara kai loma baki. Ba ta tauna ba ta tofar a hannunta.

"Ke 'yar nan, buhun gishiri kika juye?"

Na ɗanɗana. Ba gishirin girki ba ne, wani ɗaci-ɗaci ne da shi, wanda duk mai taɓa kurɓar ruwan teku ya sani. A nan na ba su labari. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ba ta ce ƙarya nake ba, ba ta kuma ce gaskiya ne ba.

"Yalla, fitar mini da shi," ta ce. "Sannan ki zo ki yi alwala."

Na kai bakin lungu na juye a kan kwali. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san kyanwoyin garin, ba abin da suke bari, har leda suna lasa. Suka taru kuwa, sun fi a ƙirga, suka kewaye kwalin suka zauna. Ko ɗaya ba ta matso ba. Har aka kira magariba suna nan zaune suna kallonsa.

Gwaggo ta so in bar aikin. Amma iƙamata, takardar izinin zama, ba ta daɗe da fitowa ba, kuma Madam ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na koma ranar da suka dawo. Na tarar ta riga ta wanke farantin da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana tsaye gaban famfo, ba ta juyo ba, ta ce, "Ta zo?"

Na ce, "Madam, wace ce?"

Ta goge hannu, ta nuna tsawo daidai ƙugunta. 'Yarsu ce, ita kaɗai. Shekarun baya, washegarin bikin, ta gasa siniyyar ta bari a furun, suka tafi bakin teku a Abhur da niyyar su dawo su ci da la'asar. Su biyu suka dawo. Ta ce duk shekara tana gasawa, ta zauna ta jira, ba ta taɓa jin komai ba. Shi ya sa bana ta ce bari ta yi nisa, ko ganinta ne ke hana yarinyar shigowa.

"Ta zo?" ta sake tambaya.

A addininmu wanda ya tafi ba ya dawowa cin abinci, kuma na san akwai masu aron siffar mamaci. Amma ban san yadda zan faɗi wannan da guntun Larabcinmu ba. Na ce mata an ja kujera, kuma cokali ya koma hagu.

Ta zauna daɓas a ƙasan kicin, ta rufe baki da hannu biyu. Da ƙyar ta ce yarinyar bahaguwa ce.

Na ƙara shekara biyu a gidan kafin aikin mijin ya ƙare su koma ƙasarsu. Duk ƙarshen shekara nakan gasa musu talotalo, amma washegari hutu nake roƙa, ita kuma ba ta taɓa hana ni ba.