Tafiyar da Sailuba Ta Yi Ba Sallama

A unguwar Rimi Uku da ke Lafiya, idan mace ta cika, kafin a sanar da liman Sailuba ake kira. Shekara ashirin da shida ke nan tana wankan gawar mata. Ba gado ta yi ba. Mahaifinta Bakano ne da fataucin goro ya kawo shi garin ya zauna, mahaifiyarta kuma ƙosai take soyawa. Wata tsohuwa ce ta taɓa cewa ta riƙe mata buta a ɗakin gawa, daga nan hannu ya saba. Yanzu shekarunta sittin da uku, doguwa ce marar yawan magana, kuma daddawa take sayarwa a ƙofar gida. Wankan don Allah take yi.

Kayan aikin ba su da yawa: baho, buta biyu, sabulu, ganyen magarya, kafur da auduga. Ruwa mai ɗumi take so, kamar na jariri, don a ganinta mamaci magana ce kawai ba ya yi. Takan fara da alwala, ta wanke dama kafin hagu, ta tsefe kai ta yi kitso uku. Akwai mata da yawa a Lafiya da suka iya wannan duka. Bakinta ne ya sa ake nemanta. Mai wanka tana ganin abin da miji bai gani ba, abin da 'ya'ya ba su sani ba: tabo, laya, ciwon da aka ɓoye shekara da shekaru. Sailuba ba ta taɓa fitowa daga ɗakin gawa da labari ba. Shi ya sa kusan kowace tsohuwa a unguwar ta bar wasiyya iri ɗaya: in na mutu, Sailuba kaɗai.

Daga Lafiya zuwa Abuja tafiyar awa uku ce, in Mararraba ba ta cushe ba. Har ta haura sittin Sailuba ba ta taɓa zuwa ba. 'Yarta Zuwairatu tana aure a Kubwa, kuma a farkon 2020 ta haifi mace, aka sa mata sunan kakarta, ana kiranta Ummi. Da tiyata aka yi haihuwar, kullen korona ya biyo baya, daga bisani likitoci suka gano yarinyar sikila ce. Iyayen ba sa yarda su nisanta ta da asibitin da ya san ta. Tunda jika ba za ta zo ba, kaka ce za ta je. Hannun da ya wanke ɗaruruwan matattu bai taɓa ɗaukar jikarsa ba, kuma masu ciwon nan ba kullum suke jira ba.

Sau uku ta shirya.

Shirinta tsari gare shi. Takan fito da jakar bakko mai ja da fari ta shanya a rana, ta cika ta da gyaɗa, daddawa, garin kuka da kantun riɗi na yarinya. Takan kira Zuwairatu ta yi ta tambayoyi. An gaya mata a can gidaje lamba gare su, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba.

"To wa ke musu wanka?"

"Akwai na masallaci, Inna. A waya ake kiransu."

"Baƙuwa? Ta yaye maka zani ba ta san sunan uwarka ba?"

Abu na ƙarshe shi ne sallama. Haka mahaifinta ya koya mata: matafiyi bai san inda ƙasarsa take jiransa ba, don haka ba ya fita sai ya bi gida-gida ya nemi gafara. Sailuba takan shiga kowane gida, ta durƙusa gaban tsofaffi har waɗanda ke kwance, ta ce, "Jibi zan tafi Abuja, a yafe mini."

Karon farko don suna ne. Ta yi sallama ranar Alhamis, ranar Juma'a da hantsi tsohuwar gidan maƙera ta rasu. Sailuba tana da wata ƙa'ida da malamai suka ce mata babu ita a littafi, amma ta riƙe: hannun da ya taɓa gawa ba ya ɗaukar yaro sai ya kwana bakwai. Kafin kwanakin su cika suna ya wuce, ba a jima ba aka rufe hanyoyi. Karo na biyu, a 2021, matar ladan ce, awa huɗu bayan Sailuba ta fita daga ɗakinta. Karo na uku, a 2023, mata biyu ne, ɗaya da la'asar, ɗaya washegari da safe.

Daga nan unguwa ta fara lura. Ba wanda ya faɗa mata magana a fuska, don kowa ya san wata rana zai neme ta. Amma in ta shanya bakko, ko don danshi ne ya shiga, sai a aiko ana tambayar lafiya. Wata rana ta je aron rariya, ta ji matar gidan tana raɗa wa 'yarta, "Ce mata tsohuwa tana barci." Sailuba ta tura jakar ƙarƙashin gado, ta daina ambaton Abuja. Ita kanta tsoro ya shige ta. In da gaske wani abu ne ke bin jakar, ina za ta kai shi? Gidan yarinya marar lafiya?

A ƙarshen daminar bara Zuwairatu ta kira. Ummi ta kwana tara a asibiti, an ƙara mata jini, an sallamo su.

"Likita bai ce komai ba, Inna. Ni ce nake cewa ki zo."

Sai ga fuskar yarinyar a wayar, idanu sun yi rawaya. "Kaka, ke a cikin waya kike zaune?"

Washegari Sailuba ta tafi tasha wajen Fanen, wani direba ɗan Tibi mai furfura a gemu, wanda sau uku yana ajiye mata kujerar gaba tana fasawa. Ta ba shi labari duka, yana ɓare gyaɗa yana ji.

"Mama, jaka ba ya kashe mutum," in ji shi da Hausarsa ta tasha. "Kai ne. Kana bi gida-gida kana gaya wa tsoho za ka tafi. Tsoho ya riga ya gaji, yana riƙe rai da hannu ɗaya. Ya ji Sailuba zai tafi, ya ce kai, wa zai wanke ni? Bari in tafi yanzu tun yana nan."

"Fanen, ka ji tsoron Allah. Rai a hannun mutum yake?"

"A hannun Allah yake. Amma tsoho yana roƙo. Uwana a Agyaragu, kwana shida ba ya ci, ba ya sha, yana jira na. Na shiga, na ce Mama, ya duba ni, shi ke nan. Abeg, wannan karo kada ka gaya wa kowa. Shiga mota kawai."

"In fita kamar ɓarauniya? In na mutu a hanya da haƙƙin mutane fa?"

"Motar Fanen ne zai kashe ka? Shekara ashirin ko akuya ban buge ba."

Ba haƙƙin mutane ne ya fi damunta ba. Iya Afra'u ce. Bagwandariya ce daga Shabu, aure ya kawo ta unguwar tun Sailuba tana goye, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta haura tamanin, kuma tun babbar salla take kwance. Shekarun baya ta sa Sailuba ta yi mata alkawari ba wanda zai yaye mata zani sai ita. Sailuba ta san dalili, kuma har yau ba ta faɗa ba. In ta tafi a ɓoye Iya ta cika a bayanta, alkawari ya karye. In ta je sallama kuwa, ta san abin da zai biyo baya, kuma kwana bakwai sun sake shiga tsakaninta da Ummi.

Ta zuba tsarabar a buhun shinkafa ta aika wa Fanen kamar saƙo. Bakko ta bar shi ƙarƙashin gado. Ranar Talata da hantsi ta sa hijabinta na cefane ta fito. Dole ta bi ta ƙofar Iya Afra'u. Gaisuwa ta zo mata har baki, ta haɗiye. Daga ciki ta ji an yi tari sau ɗaya.

Suka wuce Shabu, suka hau duwatsun Nasarawa Eggon, suka bar Akwanga, waya na cinyarta shiru. Suna shiga Keffi ta yi ƙara. Muhibbat ce, surukar Iya Afra'u mai jinyarta. Sailuba ta ɗaga wayar.

"Gwaggo, Iya ce ta ce a kira ki."

Sai muryar tsohuwar, siririya kamar zare.

"Sailu, munafuka. Kin zaci ban ji ki ba? Takun kasuwa daban, takun tafiya daban."

"Iya, don Allah ki ya..."

"Kul! Kada ki nemi gafarata. Riƙe abarki sai kin dawo. Kwana nawa?"

"Goma."

"To, goma."

Aka kashe wayar. Fanen ya rage rediyo.

Abin da Sailuba ta riƙe na Abuja kaɗan ne: tituna masu faɗi da ba kowa a kansu sai motoci, wani ƙaton dutse da ya tsaya a bayan gari, da kuma cewa tun daga Nyanya har Kubwa ba ta hango maƙabarta ko ɗaya ba. Ummi ta laɓe a bayan uwarta tana kallon ƙafafun baƙuwar, kamar tana mamakin ashe kaka tana da ƙafa.

Kwana goma sha tara rabon Sailuba da ɗakin gawa, don haka da la'asar ta ce ita za ta yi wa takwararta wanka. Ta sirka ruwa, ta zaunar da ita a baho. Ta kama hannun dama ta wanke sau uku, ta koma hagu, bakinta na motsi ba sauti. Sai ta gane abin da take yi. Ta dakata.

"Kaka, ruwan ya yi zafi!" Ummi ta tsala ihu, ta watsa mata kumfa a fuska.

Sailuba ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Shekara ashirin da shida ba wadda ta taɓa yi mata ƙorafi. Da ta zo kitso, ta gama ta duba ta ga uku ta yi. Ta tsefe, ta mayar biyar.

Kullum da safe Muhibbat na kira. Rana ta huɗu Iya ta daina cin abinci. Rana ta shida ruwa ma sai a auduga ake ɗiga mata. Wata nas ta unguwa ta duba ta, ta ce a kira dangi, ba za ta kai azahar ba. Dangi suka zo daga Shabu, suka kwana biyu, suka koma gona. Ƙafafunta sun yi sanyi har gwiwa, ba ta magana, idanunta na kan ƙofa.

"Gwaggo, abin da ke ba ni tsoro yatsunta ne," in ji Muhibbat. "Kullum gari ya waye sai ta lanƙwasa ɗaya. Na gwada miƙewa, sun ƙi."

Ranar kwana na goma Sailuba ta ɗaura hijabi, Ummi ta ƙanƙame mata ƙafa tana kuka har numfashinta na sarƙewa. Zuwairatu ta ce kuka irin wannan yana tayar mata da ciwo. Sailuba ta tsaya a tsakar ɗaki, yarinya a ƙafa, waya a hannu. Ta cire hijabin. Ranar ba ta ɗaga kiran Muhibbat ba. Ta goya Ummi ta yi ta zagaya tsakar gida da ita, tana mata alkawarin dawowa, har yarinyar ta yarda.

Washegari ana kiran azahar Fanen ya sauke ta a bakin titi. Ba ta shiga gidanta ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Iya Afra'u ta yi sallama. Ɗakin ba warin ciwo, ba motsi. Tsohuwar na kwance kamar itace, hannayenta biyu a dunƙule a kan ƙirji.

"Goma kika ce," in ji ta. Muhibbat ta saki kofin da ke hannunta, don kwana biyar ke nan ba a ji muryar ba.

"Yarinyar ce ta riƙe ni, Iya."

"Kin ɗauke ta?"

"Na ɗauke ta. Na goya ta."

"Da nauyi?"

"Da ɗan nauyinta."

"Madalla. Faɗi abin naki."

Sailuba ta durƙusa. "Ki yafe mini, Iya."

"Na yafe. Je ki ɗora ruwa. Kada ya yi zafi."

Sailuba ta fita ta hura wuta. Ruwan bai gama ɗumi ba ta ji salatin Muhibbat. Da ta koma, yatsun duk sun miƙe. Ta fitar da kowa, ta saki labule, ta yi aikinta ita kaɗai. Kafin magariba an kai Iya Afra'u.

Daga lokacin Sailuba ta sake zuwa Abuja sau biyu, da buhun shinkafa da hijabin cefane, ba ta ce wa kowa komai ba. Ummi ta shiga makaranta. Duk sau biyun babu macen da ta rasu a Rimi Uku tana can. Sai dai matan unguwa, in sun hango motar Fanen ta tsaya a bakin titi, sukan leƙa ɗakunan tsofaffinsu tukuna, kafin su fito yi mata sannu da zuwa.